Bukukuwan Keltawa Huɗu da Fita da Yara Waje: Tambayoyin da Iyaye Ke Yawan Yi

Iyayen da aiki ko karatu ya kai Ayilan, Sikotlan ko Wels ba sa daɗewa kafin su ci karo da waɗannan bukukuwa. Yaro zai dawo daga makaranta a farkon Fabrairu riƙe da wata saƙaƙƙiyar ciyawa, ko ya ce malama ta ce a zo da kabewa a ƙarshen Oktoba, iyaye kuwa ba su san mafarin abin ba, balle su san ko su yarda ko su hana. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda irin waɗannan iyaye ke ta maimaitawa a tsakaninsu. An fi ba Ayilan ƙarfi a amsoshin, don a can ne al'adun suka fi rayuwa har yau.

Su wane ne Keltawa, kuma waɗanne bukukuwa ake nufi?

Keltawa al'ummomi ne masu harsuna 'yan gida ɗaya, waɗanda a da suka bazu a faɗin Turai. Yau harsuna shida ne suka rage: na Ayilan, na tsaunukan Sikotlan, na tsibirin Man, na Wels, na Cornwall, da na Brittany a arewa maso yammacin Faransa.

Bukukuwan huɗu ne, kowane wata uku ake yin ɗaya. Imbolc ranar 1 ga Fabrairu. Bealtaine, da ake furtawa Byaltana, ranar 1 ga Mayu. Lughnasadh, wato Lunasa, ranar 1 ga Agusta. Sai Samhain, da ake furtawa Sawin, ranar 1 ga Nuwamba. A tsohon lissafinsu dare ke gaba da yini, shi ya sa ake fara kowane biki tun faɗuwar ranar jajibere, kuma shi ya sa daren 31 ga Oktoba ya fi 1 ga Nuwamba suna. Mutanen Wels suna da nasu sunayen, Calan Mai ga na Mayu da Calan Gaeaf ga na Nuwamba. Idan yaronku yana koyon harshen Ayilan a makaranta ya riga ya san uku daga cikin sunayen, domin da su ake kiran watannin Mayu, Agusta da Nuwamba.

Me ya sa aka tsayar da su a waɗannan ranaku?

Saboda dabba da gona. A farkon Fabrairu tumaki ke gab da haihuwa, nono ya fara dawowa gida bayan watannin yunwa. A farkon Mayu ake kora shanu zuwa makiyayar kan tudu, samari da 'yan mata su bi su, su zauna a bukkoki suna tatsa suna kaɗa man shanu har ɗumi ya wuce. Agusta farkon girbi ne. Nuwamba kuwa garke ya sauko, an ƙirga ciyawar da aka tara, dabbar da ba za a iya ciyarwa har ƙarshen sanyi ba a yanka ta a zuba wa naman gishiri.

Wanda bai taɓa yin hunturu a can ba da wuya ya gane nauyin wannan lissafi. A Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba. A Dublin yinin ƙarshen Disamba awa bakwai da rabi ne, na ƙarshen Yuni kuwa awa 17. Mutumin da rayuwarsa ke rataye a kan ciyawa dole ya sa ido a kan hasken da ke ƙaruwa da raguwa haka. Wannan sa idon shi ne abin da ya fi cancanta yaranmu su koya daga bukukuwan, kuma ba a koyonsa a falo.

Wasu littattafan yara sun ce bukukuwan takwas ne. Wanne ne daidai?

Huɗu ne na asali. Da'irar nan mai gida takwas da kuke gani a littattafai da bangon azuzuwa sabuwa ce: a wajejen shekarun 1950 wasu Turawan Ingila masu farfaɗo da addinin gargajiya, musamman Gerald Gardner da Ross Nichols, suka haɗa bukukuwan huɗu da ranar da yini ya fi tsawo, da wadda ya fi gajarta, da ranaku biyun da dare da yini ke daidaita.

Ba wai mutanen da ba su lura da waɗancan ranaku ba. Kabarin Newgrange a gundumar Meath ta Ayilan, wanda aka gina kusan shekara 3,200 kafin haihuwar Annabi Isa, an tsara shi yadda hasken fitowar rana zai ratsa wata 'yar kafa ya haskaka ɗakin ciki na kusan minti 17 a kwanakin da ke kewaye da 21 ga Disamba. Sai dai maginansa sun riga Keltawa da nisa. Wuri ne da ya kamata a kai yaro ɗan shekara bakwai zuwa sama. A sauran ranakun shekara ana kashe fitilu a ciki a nuna wa baƙi kwaikwayon shigowar hasken. Shiga a ainihin ranar kuwa sai wanda ƙuri'a ta faɗa kansa.

Wannan ba bautar gumaka ba ce? Ya halatta mu sa yaranmu a ciki?

Tambayar da ta fi kowace nauyi ke nan, kuma bai kamata a rufe ta da cewa “ai al'ada ce kawai” ba. Gaskiya akwai addini a tushen abin. Sunan Lunasa daga Lugh yake, ɗaya daga cikin allolin mutanen da. Wani tsohon ƙamus na Ayilan da aka rubuta wajejen shekara ta 900 ya ce bokayensu kan hura wuta biyu a Byaltana su bi da shanu ta tsakiya don kare su daga cuta. An yi imani cewa a daren Sawin iskoki da matattu na yawo. Daga baya Coci ta ɗora nata bukukuwan a kan wasu ranakun. Kuma yau akwai mutane, ba su da yawa amma suna nan, da ke yin waɗannan bukukuwa a matsayin ibada.

Abin da zai taimaka shi ne ku raba abin gida uku. Akwai ibada da camfi: roƙon wani abin bauta, ajiye wa iskoki abinci a bakin ƙofa, rataye abu da niyyar ya tsare gida, duba ta hanyar ɓawon tuffa. Musulmi ba ya kusantar wannan, Kiristoci da yawa ma haka. Akwai al'adar gari, kamar wasannin yara, abinci da ado, inda malamai suka yi saɓani, kuma iyali kan bi fatawar malamin da suka amince da shi. Sai kashi na uku, wanda babu mai jayayya a kansa: a fita a ga yadda ƙasa ke farfaɗowa bayan mutuwarta, yadda dare ke cin yini, yini ya dawo ya ci dare. Alƙur'ani ya yi ta kiran mutum ya dubi waɗannan abubuwa. Duk shawarwarin fita da ke cikin amsoshin ƙasa daga kashi na uku suke.

Ra'ayina shi ne kada tsoron kashi na farko ya sa mu kulle yara a ɗaki. Yaron da aka ce wa “haramun ne” aka yi shiru, zai je ya ji bayani a bakin wani. Wanda aka zaunar aka ce masa ga abin da mutanen da suka yi imani da shi, ga abin da mu muka yi imani da shi, yanzu ɗauko takalminka mu je mu ga 'yan tumaki, ya sami ilimi kuma ya san inda iyakarsa take.

'Yata ta dawo da gicciyen ciyawa daga makaranta. Mene ne shi, kuma zan iya cewa kada a sa ta?

Gicciyen Brigid ke nan. Brigid waliyyiyar Kiristocin Ayilan ce da ta kafa gidan ibada a Kildare, ta rasu wajejen shekara ta 525, kuma ranarta ta faɗo daidai da Imbolc. Ana saƙa shi da wata doguwar ciyawar fadama mai santsi, a rataye a saman ƙofa da imanin yana kare gida daga gobara da cuta. Tun 2023 ranar ta zama hutun gwamnati a Jamhuriyar Ayilan, galibi Litinin ta farko a Fabrairu.

Kuna da ikon cewa a'a. Kusan kashi 90 cikin 100 na makarantun firamare a ƙasar suna ƙarƙashin Cocin Katolika, amma sashe na 44 na tsarin mulki ya ba yaro damar zuwa makarantar da gwamnati ke tallafawa ba tare da halartar darasin addini ba. Kada ku jira sai ranar. Ku sami malamar tun tsakiyar Janairu, ku faɗa mata cikin mutunci, ku kuma kawo mafita: yarinyar ta saƙa 'yar tabarma ko ƙaramin faifai da ciyawar nan ɗaya, tana zaune tare da 'yan ajinta. Abin da ke ƙona wa yaro rai ba rashin saƙar ba ne, a ware shi a bayan aji shi kaɗai ne.

Me za a gani a waje a farkon Fabrairu, ai komai a mace yake?

Da nisa haka yake. Sai an durƙusa. A gindin itatuwa za ku tarar da wasu ƙananan fararen furanni masu sunkuyar da kai, sun fasa ƙasa mai sanyi sun fito gungu-gungu; su ne na farko a shekara. A ba yaro ya taɓa ƙarshen reshe, zai ji tohon ya kumbura, wani ma yana danƙo. Daga tsakiyar wata, a kududdufai da ramukan gefen hanya, kwaɗi na zuba ƙwai, curi guda mai yauƙi da baƙin ɗigo a cikin kowane. Ku riƙa komawa wuri ɗaya duk mako har ɗigon ya zama talibambam, ya fid da ƙafafu. A bar su a inda suke, domin doka na kare kwaɗi a Ayilan kuma ɗibar ƙwansu sai da lasisi.

Akwai wani ƙaramin aiki da yara ke so. A ranar 1 ga Fabrairu yaro ya rubuta ƙarfe nawa aka yi Magariba, ya sake rubutawa kowace Juma'a. A Dublin rana na faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe biyar a farkon watan, kafin ƙarshensa ta kai shida. Da hannunsa zai ga hunturu na ja da baya.

Byaltana fa, me za mu yi da yara?

A nan ne aka fi samun abin yi. A al'ada yara kan tsinko furanni rawaya su watsa a bakin ƙofa, a ƙawata wani ɗan kurmi da ƙyallaye da ɓawon ƙwai mai launi. Watsa furen don korar iskoki ake yi a da, saboda haka ku koma ga amsar da ta shafi addini. Amma neman furannin da sanin sunayensu ba shi da wata illa. Akwai wata ƙaya mai furen rawaya da ke rufe tuddai a wannan lokaci. Ku sa yaro ya sunsuna a ranar da aka yi rana, zai ce muku ƙanshin kwakwa yake ji.

Abin da na fi ba iyaye shawara shi ne sauraron tsuntsayen asuba. A farkon Mayu mazan tsuntsaye na fara kuka tun kusan awa ɗaya kafin fitowar rana, kowane yana shelar gurbinsa yana neman mata, wani ya fara, wani ya karɓa, har unguwa ta cika. Turawa sai sun sa agogo sun yi ta fama kafin su tashi jin wannan; har rana suka ware masa, Lahadi ta farko a Mayu. Gidan da ke tashi sallar Asuba kuwa ya riga ya farka. A idar da salla, a lulluɓe yara da bargo, a fita bayan gida ko a buɗe taga, a yi shiru minti goma. A tambaye su murya nawa suka iya rarrabewa.

Sannan ga tsattsewa, wadda ke isowa a Afrilu ta yi sheƙar laka a rumfunan shanu. Nauyinta bai fi giram 20 ba, amma daga kudancin Afirka take tasowa, ta ƙetare Sahara. Wasu tsuntsayen Turai ma ba sa wuce yankinmu: a dausayin Haɗeja da Nguru suke cinye lokacin sanyi. Yaron da aka haifa a Cork ko Glasgow, wanda bai san gida ba sai a waya, yakan yi tsit idan aka buɗe masa taswira aka nuna masa cewa tsuntsun da ke kan wayar lantarki ya bi ta saman Afirka ta Yamma kafin ya iso.

Za a iya kai yara manyan bukukuwan wuta?

Na Calton Hill a Edinburgh, wanda ake yi daren 30 ga Afrilu tun 1988, ba wurin yara ba ne. Cikin dare ake yi, akwai cunkoso da giya, wasu masu wasan kuma fenti ne kawai ya rufe yawancin jikinsu. Na tudun Uisneach a gundumar Westmeath, inda shugaban Ayilan na lokacin, Michael D. Higgins, ya kunna wutar a 2017, da rana yake farawa kuma iyalai na zuwa, sai dai akwai sassan da suka yi kama da ibada, wutar kuma sai duhu ya shiga, bayan ƙarfe tara. Idan tarihin wurin kuke so, ku je wata ranar daban da ɗan jagora.

Mene ne Lunasa, kuma wane dutse ya dace da ƙafar yaro?

Tatsuniyarsu ta ce Lugh ne ya kafa bikin don tunawa da Tailtiu, matar da ta rene shi, wadda ta mutu saboda wahalar sare daji don noma. A Teltown da ke Meath an yi ƙarnuka ana taron wasanni, tseren dawaki, ciniki da ƙulla aure. Abin da ya rage a hannun talakawa shi ne hawan dutse da tsinkar 'ya'yan itace a Lahadin ƙarshe ta Yuli. A ranar ce dubban Kiristoci ke hawan Croagh Patrick a Mayo, mai tsawon mita 764. A Killorglin da ke Kerry kuma, daga 10 zuwa 12 ga Agusta, ana kamo bunsurun daji a naɗa shi sarkin kasuwa na kwana uku.

Croagh Patrick ba na ƙananan yara ba ne, samansa tsakuwa ce mai zamewa. Ku fara da Bray Head ko Howth kusa da Dublin, ko Arthur's Seat a tsakiyar Edinburgh mai mita 251. A tuddan Wicklow, cikin gajerun kurmi, akwai wasu ƙananan 'ya'yan itace shuɗi-baƙi da ake kira fraochán. Suna ɓuya a ƙarƙashin ganye, sai yaro ya tsuguna ya ɗaga reshe, kuma ba ya iya musun ya ci, don harshe da yatsu duk sai sun rine. Daga ƙarshen Agusta wasu baƙaƙen 'ya'yan itace da ake kira blackberry ke nuna a shingayen ƙaya ko'ina, har cikin gari. A tsinki na sama da gwiwa, nesa da titin mota, a wanke. Kafin yaro ya kai komai baki ku karanta amsar da ta shafi haɗari.

Sawin shi ne Halloween?

Halloween shi ne bikin daren 31 ga Oktoba da yara ke sa rigunan ban tsoro su bi gidaje neman alewa, Sawin kuwa kakansa ne. Coci ta sa bikin dukan waliyyai a 1 ga Nuwamba, al'adun biyu suka cakuɗe, sannan mutanen Ayilan da Sikotlan da suka yi ƙaura zuwa Amurka, musamman bayan babbar yunwar 1845 zuwa 1852, suka tafi da su. A gida wata saiwa mai tauri da ake kira tanip suke fafewa su sa kyandir. A Amurka suka sami kabewa ta fi sauƙin fafa. Daga can abin ya dawo musu da rigunan kanti da buhunan alewa. Tsohon salon Sikotlan ya fi kama da tashe: yaro ba ya samun ko gyaɗa sai ya yi waƙa, ko ya kawo wasa ko barkwanci a bakin ƙofa.

Iyalai da yawa ba sa barin yaransu bin gidaje a daren, kuma suna da hujja. Amma makon yana da abubuwan da suka fi alewa. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, duhu ya riƙa shiga tun biyar, wato ana iya fita yawon dare da tocila a dawo kafin lokacin barcin yara. A Phoenix Park na Dublin mazan barewa na gurnani suna karo da ƙaho a kan mata. A tsaya nesa da aƙalla mita 50, kada a ba su abinci. A tsibirin North Bull da ke gaɓar Dublin dinyoyin da suka taso daga can arewacin Kanada sun sauka. A gida kuma ana iya dafa colcannon, wato dankalin Turawa da aka daka da kabeji da man shanu, a yi wasan cafko tuffa da baki daga cikin roba mai ruwa.

A kula da abu biyu na ci. Burodin barmbrack da ake sayarwa a lokacin akwai zobe a cikinsa, wanda ƙaramin yaro zai iya haɗiyewa, wasu kuma da giya ake jiƙa zabibinsa. Alewa masu taushi da yawa, har da farar nan da ake gasawa a tsinke idan makaranta ta kai yara daji, da sinadarin alade ake yin su. Ana samun na halal a shagunan Musulmi. Ku saya ku ba malama tun kafin ranar.

Yaranmu ba su saba da sanyi ba. Ba za su yi rashin lafiya ba?

Ƙwayar cuta ke kawo mura, kuma ta fi yaɗuwa a ɗakin da aka rufe. Abin da ke cutar da yaro a waje shi ne jiƙewa da iska. Riga uku marasa nauyi sun fi ƙatuwa ɗaya: ta ciki wadda ba auduga ba, don auduga na riƙe gumi ta sanyaya jiki, ta tsakiya mai ɗumi, sai rigar ruwa da wandonta a sama. A haɗa da dogon takalmin roba, safa mai kauri, hula da safar hannu. Shagunan kayan gwanjo na ƙungiyoyin agaji cike suke da waɗannan a kuɗi kaɗan. A jaka a sa safa ta canji da fulas na shayi ko kunu. Minti arba'in ya isa a farko; gara a koma gida yaro yana cewa a ƙara. Idan hukumar yanayi ta fitar da gargaɗi mai launin lemo ko ja, a zauna a gida.

Wani abin da iyayenmu ba su cika sani ba: daga Oktoba zuwa Maris ranar can ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da bitamin D. Hukumar lafiyar Birtaniya na ba da shawarar shan maikrogiram 10 kullum a waɗannan watanni, masu baƙar fata kuwa duk shekara. Fita ba ta maye gurbin wannan. Ku tambayi likita ko mai kantin magani adadin da ya dace da shekarun yaronku.

Ina aka yarda mu shiga? Kada mu faɗa gonar wani.

Ya danganta da ƙasar. A Sikotlan dokar 2003 ta ba kowa ikon ratsa yawancin filaye da dazuzzuka muddin ya kiyaye: ban da harabar gidaje, ban da tattake shuka. A Ingila da Wels sai hanyoyin ƙafa da aka yi wa alama da wasu filaye da aka ware. A Jamhuriyar Ayilan babu irin wannan iko, kusan kowane fili da mai shi, amma dazuzzukan Coillte, wato kamfanin dazuzzuka na gwamnati, da gandayen ƙasa irin su Wicklow, Killarney, Connemara da Glenveagh a buɗe suke kuma shiga kyauta ne.

Ƙofar gona a bar ta yadda aka same ta. Kada a shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta, kada yara su bi 'yan tumaki da gudu. Fure a tsinki kaɗan inda yake da yawa, ba a tumɓuke shi da saiwa.

Waɗanne haɗurra ne na gaske?

Ba maciji ba: babu shi sam a Ayilan, a Birtaniya kuma iri ɗaya ne mai dafi, shi ma gudun mutane yake. Kaska ce abin tsoro. Tana cikin doguwar ciyawa daga Afrilu zuwa Oktoba, ƙarama ce ƙwarai, tana iya ɗauke da cutar Lyme. A cusa ƙafar wando cikin safa, in an dawo a duba bayan kunne, gindin gashi, hammata da bayan gwiwa. In an same ta, a kama ta da siririn hantsaki dab da fata a ja sama a hankali. Kada a ƙona ta, kada a shafa mata mai. Alamar cutar wani zagayayyen tabo ne da ke faɗaɗa cikin makonni, kuma a baƙar fata ba ya yin ja kamar yadda hotunan asibiti ke nunawa, yakan yi kama da ƙurma. In yaro ya yi zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi bayan cizo, ku gaya wa likita maganar kaskar da bakinku.

Doka ɗaya ga yara game da ci: ba a sa komai a baki sai babba ya gani. Laimar kwaɗi kowace iri a bar ta, akwai masu kisa. Itacen yew mai jajayen 'ya'ya, da ake yawan gani a harabar coci, guba ne. A bakin rafi akwai wata ƙatuwar shuka da ta fi mutum tsawo, mai farin fure kamar laima, ruwanta na ƙona fata in rana ta taɓa wurin. Ganyen nan mai ƙaiƙayi da ke ko'ina zafinsa na ɗan lokaci ne.

Wuta kuma, duk da ita ce zuciyar tsoffin bukukuwan, kada ku hura ta a daji ko kan tudu. Ƙayar nan mai furen rawaya na kamawa nan take, ƙasar wasu wuraren ma kanta tana ci ta ƙarƙashi. A Jamhuriyar Ayilan an hana ƙona ciyayi daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta, kuma riƙe kayan wasan wuta masu fashewa ba tare da lasisi ba laifi ne. Lambar gaggawa 999 ce ko 112.

Ba mu da mota, a bene muke zaune, babban yaron kuma ya ce abin na jarirai ne. Yaya za mu yi?

Ku zaɓi itace ɗaya a hanyar makaranta ko masallaci, ya zama na gidanku. A ɗauki hotonsa daga wuri ɗaya a ranakun nan huɗu, ƙananan yara su tsaya a gindinsa. Bayan shekara a jera hotunan. Jirgin ƙasa na DART na kai mutum Howth da Bray daga tsakiyar Dublin, ɗakunan karatu na unguwa kuma na ba da aron littattafan gane tsuntsaye da itatuwa kyauta.

Babban yaro aiki yake so a damƙa masa. A ba shi taswira ya ja gaba, ko a ce shi ne mai ɗaukar muryoyin tsuntsaye a waya. Akwai kuma wani abin da ya dace da shekarunsa. Daga 1937 zuwa 1939 gwamnatin Ayilan ta sa yara fiye da 50,000 daga makarantu 5,000 su je wurin kakanninsu da tsofaffin unguwa su rubuto tatsuniyoyi, magunguna, wasanni da al'adun bukukuwa. Littattafan suna nan a shafin Dúchas a intanet da rubutun hannun yaran, ana iya neman na kowane ƙauye, kuma yawancin abin da aka sani game da yadda talakawa ke yin Byaltana da Sawin daga irin wannan tattarawa ya fito. Ku nuna masa na garin da kuke zaune. Sannan ku kira Kaka ko Hajiya a gida, ya tambaye ta da Hausa yadda suke gane damina ta kusa, wace tauraruwa ake dubawa kafin shuka, me ake yi ranar da aka shigo da sabon gero, ya rubuta amsoshin da sunanta da kwanan wata a littafinsa.